Sarkin da Ya Fita da Ƙafarsa: Nazarin Wasan Capablanca da Tartakower na 1924

Duk wanda nake koya wa darar ces, da zarar ya gane tafiyar 'ya'yan dara har ya fara cin tsararsa, akwai wani yanayi da nake jera masa a kan allo. Fari yana da sarki a gidan f3, hasumiya a h7, da dakaru biyar a a4, c3, d4, f4 da g5. Baƙi yana da sarki a f8, hasumiya a c6, shi ma da dakaru biyar a a7, b6, c7, d5 da f5. Fari ne da taku. Sai in koma gefe in ce, "To ɗan'uwa, me ka gani?"

Kusan kullum abu ɗaya nake gani. Idon mai koyo yana sauka a kan dakaren c3, wanda hasumiyar Baƙi ta auna. Zai ɗaga hannu ya kai kan sarki, ya janye, ya kai kan hasumiya, ya sake janyewa, leɓensa na motsi yana ƙirga gidaje. Idan ya tabbata dakaren nan ba ya cetuwa, sai ya ce, "To ni ma bari in ci nasa," ya tura hasumiya d7. A ranar da aka yi wannan wasa da gaske, Capablanca, wanda ke riƙe da Fari, bai ceci dakaren ba, bai kuma nemi ramuwa ba. Sarkinsa ya ɗaga ya kai g3, ya nufi bakin allo, ya bar dakaru biyu aka cinye masa su ɗaya bayan ɗaya. Taku goma sha bakwai bayan haka abokin karawarsa Tartakower ya miƙa wuya.

Wannan taku na 35 shi ne kowa ke yabo, amma ba daga sama ya faɗo ba. Tun farkon wasa aka yi ta share masa hanya, shi ya sa nake ganin wasan ya fi kowane jerin dokoki amfani ga mai koyo.

Ga wanda bai saba ba: allo gidaje 64 ne. Layukan da suka miƙe daga gabanka zuwa gaban abokin wasanka ana kiransu da haruffa, a zuwa h. Sahun da suka gitta ana kiransu da lambobi, 1 zuwa 8, daga ɓangaren Fari. Giwa ita ce mai tafiya a karkace, sunan da Larabawa ke kiranta da shi ke nan. Hasumiya mai tafiya a miƙe ce, dakare kuma shi ne ƙaramin sojan ƙasa da ke sahun gaba, wanda idan ya kai sahun ƙarshe ake naɗa shi sarauniya. In da hali, a ɗauko allo a bi ni taku da taku.

Inda aka yi, da waɗanda suka yi

Gasar birnin Niyok ce ta Amurka, wadda aka yi daga 16 ga Maris zuwa 18 ga Afrilu 1924 a otal ɗin Alamac. Gwanaye goma sha ɗaya ne, kowa zai kara da kowa sau biyu, wato wasa 20 ke nan ga mutum guda. José Raúl Capablanca ɗan Kyuba shi ne zakaran duniya a lokacin, tun da ya karɓe kambun daga hannun Emanuel Lasker na Jamus a Habana a 1921. Amma gasar ta fara masa da ƙafar hagu. Wasanninsa huɗu na farko duk kunnen doki aka yi, a na biyar kuma Richard Réti ya kayar da shi, kayen da rabonsa da sha tun 1916. A zagaye na shida ya zauna gaban Savielly Tartakower, haifaffen Rostov ta Rasha, mutum mai son sababbin dabaru, wanda a wannan gasar ce ya buɗe wani wasa da tura dakaren b zuwa b4, abin da manya ba su saba yi ba.

Wani a matsayin Capablanca da sai ya shigo da zafi, ya nemi huce haushin kayen da ya sha. Dubi abin da ya yi.

Farkon wasa: kowa ya fito aiki

Takunsa tara na farko su ne: dakare d4, doki f3, dakare c4, giwa g5, doki c3, dakare e3, giwa d3, killace sarki a ɓangaren dama (sarki ya koma g1, hasumiyar h1 ta dawo f1), sarauniya e2. Ƙirga da kanka. Dakaru uku kawai ya taɓa, kuma duka ukun don riƙe tsakiya ne ko buɗe wa giwa ƙofa. Dawakai biyu sun fito, giwaye biyu sun fito, sarki ya shiga maɓoya, sarauniya ta matsa taku ɗaya tak don hasumiyoyin biyu su ga juna. Babu ɗan dara ko ɗaya da ya taɓa sau biyu. Abin da ake ta nanata wa masu koyo ke nan, ga zakaran duniya yana yinsa ba ƙari ba ragi.

Tartakower ya zaɓi tsarin kariyar da ake jingina wa mutanen Holan, inda Baƙi ke tura dakaru e6 da f5 don ya mallaki gidan e4. Ya fito da doki f6, giwa e7, ya killace sarki, ya tura b6, ya sa ɗaya giwar a b7, ya kai sarauniya e8, sannan a taku na 9 ya sake ɗaga dokin f6 ya dasa shi a e4. Tsari ne mai ma'ana, gwanaye na yinsa har gobe. Abin lura guda ne: dokinsa na b8 yana gida bai motsa ba, hasumiyar a8 kuma tana kulle a bayansa.

Daga nan aka shiga musaya. Giwar Fari ta ci ta e7, dokin Baƙi ya ci na c3, dakaren b ya ci dokin, sarauniyar Baƙi ta ci giwar da ke e7. Sakamakon haka Capablanca ya sami dakaru biyu a layi ɗaya, c3 da c4, ɗaya a bayan ɗaya. Wannan aibi ne, domin irin waɗannan dakaru ba sa iya kare juna. Mai koyo yakan tsorata da shi fiye da kima. Capablanca ya karɓa, saboda a madadinsa layin b ya buɗe wa hasumiyarsa, tsakiyarsa kuma ta ƙara kauri.

A taku na 12 Fari ya tura a4, Tartakower kuma ya yanke shawarar da a ganina ita ce tushen wahalarsa. Ya ba da giwarsa ta b7, wadda ta fi duk 'ya'yansa hangen nesa, ya ci dokin f3 da ita. Sarauniya ta ci giwar, nan take kuma ta hango hasumiyar a8 ta hanyar karkace da giwar ta bari a buɗe. Sai a lokacin, a taku na 13, dokin b8 ya fito c6 don ya tare. A lissafin da ake koya wa kowa, dakare maki 1 ne, doki 3, giwa 3, hasumiya 5, sarauniya 9, saboda haka uku aka ba da aka karɓi uku. Lissafin bai yi ƙarya ba, amma bai faɗi komai a kan irin filin da za a yi sauran faɗan ba. Doki ya fi jin daɗi inda dakaru suka cunkushe, tunda tsallake yake yi. Giwa kuwa sarari take so. Daga wannan taku kowa ya san abin da zai nema: Tartakower ya rufe fili ya matsa wa dakaren c4, Capablanca ya buɗe fili.

Tsakiyar wasa: tambayar da ake yi kafin a taɓa ɗan dara

Nan ne masu koyo ke ɓacewa. An fito da kowa, an killace sarki, sai mutum ya rasa abin yi, ya kama kai hari ba shiri. Capablanca tambayoyi biyu yake yi a kowane taku, kuma ana iya ganinsu a kan allo: me abokin wasana ke shirin yi, wane ne kuma a cikin nawa ba ya aiki?

Ga misali. Bayan Fari ya kai hasumiya b1, Baƙi ya kai tasa e8, a bayan sarauniya. Nufinsa a fili yake, yana so ya tura dakaren e6 zuwa e5 ya fasa tsakiya. Capablanca ya kai sarauniya h3. A ido kamar hari ne a kan sarki, alhali dakaren f5 ta auna, ita da giwar d3. In dakaren e6 ya matsa gaba, f5 ya rasa mai riƙe shi sai hasumiya ɗaya, maharan kuma biyu ne. A taku na gaba, na 16, ya tura f4, ya zama dakaru biyu ne ke gadin e5. Shirin Baƙi ya mutu tun bai tashi ba.

Sai Tartakower ya koma ɗaya shirin, ya kai doki a5 ya auna c4. Giwar d3 tana kare dakaren, don haka ba abin da ya ci. Dokin nan ya sauka a5 a taku na 16, bai sake motsi ba sai a na 31. Taku goma sha biyar yana zaman kashe wando a bakin allo, inda gidajen da yake iya dira ba su wuce huɗu ba, alhali dokin da ke tsakiya takwas yake da su. Zan so a kwatanta shi da giwar Capablanca. Ita ma ta zauna d3 tun taku na 7, ba ta motsa ba sai a na 34. Ta fi dokin daɗewa a wuri ɗaya nesa ba kusa ba. Amma daga inda take zaune tana kare c4 a hagu, tana kuma hango f5, g6 da h7 a dama, kusa da sarkin Baƙi. Yawan motsi ba shi ne aiki ba, abin dubawa shi ne me ɗan dara ke riƙe da shi daga inda yake tsaye.

Capablanca ya dawo da sarauniya f3, ya dawo da hasumiya daga b1 zuwa e1. Bai ji kunyar komawa baya ba da ya ga aikin ya koma tsakiya. A taku na 19 ya tura e4. Baƙi ya ci, sarauniya ta ci, sai ga ta a e4 da giwa a bayanta, su biyun suna kallon h7. Tilas Baƙi ya tura g6 ya toshe. Wannan dakare na g6 a tuna da shi, domin a kansa za a rataye sauran wasan.

Sai taku uku da mai gaggawa zai wuce bai kula ba: g3, sarki g2, h4. Na biyun, na 22, shi ne wanda na fi so a duk tsakiyar wasan. Ba wanda ya kai wa sarkin hari, ba abin da takun ya ci. Amfaninsa biyu ne. Sarki ya matso kusa da fili taku ɗaya, ya kuma tashi daga sahun farko, ta yadda hasumiyar a1 za ta iya zarcewa har h1 da zarar ta e1 ta bar hanya. Ba za ta bi hanyar ba sai a taku na 29. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A taku na 23 Tartakower ya tura d5, yana neman a yi musaya a huta. Akwai wata hanya a kan allon da ta cancanci mai koyo ya gani. Da dokin a5 ya ci c4, giwa ta ci shi, sai dakare ya zo d5 ya auna sarauniya da giwa lokaci guda, ya dawo da abin da aka bayar. Da haka dokin da ba ya aiki ya tafi da giwar da ke aiki. Abin da aka yi a zahiri shi ne, c4 ya ci d5, e6 ya ci d5, sarauniyoyi suka tafi a gidan e8, hasumiya ɗaiɗai ta bi su. Tagwayen dakarun Capablanca sun warware a banza, dokin kuma yana nan a5 ba abin da zai auna.

Ƙarshen wasa

Bayan taku na 26 kowa yana da sarki, hasumiya ɗaya da dakaru shida. Fari yana da giwa, Baƙi yana da doki. A ƙirge daidai suke. Masu koyo da yawa a nan suke miƙa hannu su ce a tashi canjaras, domin a wurinsu in sarauniya ta tafi wasa ya ƙare. Capablanca kuwa an san shi da ra'ayin cewa ƙarshen wasa ya kamata mutum ya fara koya kafin komai, kuma abin da ya biyo baya ya nuna dalilinsa.

Taku na 27, dakare h5. Yanzu g6 yana fuskantar dakare da giwa. Hasumiyar Baƙi ta zo f6 ta kare, aka yi musayar dakaru a g6, layin h ya buɗe fayau. Hasumiyar da ta kwana a1 tun farkon wasa tana gadin a4 ta zarce h1, daga nan ta haye h7. Sahu na bakwai shi ne makiyayar hasumiya. Dakarun da ba su bar gida ba a nan suke, ga kuma sarki a sahu na takwas, wanda ba zai iya tsallake sahun da hasumiya ke gadi ba. Taku ɗaya ya mai da sarkin Tartakower fursuna. A tsakani akwai wani ɗan tarko da Tartakower ya kauce wa: sai da ya kai sarki f8 kafin ya kai hasumiya c6, domin da sarkin yana e8, giwa za ta zo b5 ta soke hasumiya da sarki a tsinke ɗaya.

Daga c6 hasumiyar Baƙi tana kare c7, tana kare g6, tana auna c3. Capablanca ya tura g4 bai kula ba, saboda in ta ci c3 ta saki g6, giwa ta cinye shi, dakarun f da g su kama hanya kafaɗa da kafaɗa. Sai dokin ya taso a ƙarshe, ya zo c4. Fari ya tura g5, ya danne dakaren g6 a gida mai launin da giwarsa ke bi. Doki ya zo e3 ya yi wa sarki kashedi, wato ya auna shi kai tsaye, sarki ya matsa f3, doki ya dira f5. Ya iso wurin faɗa, amma ya makara. Giwa ta ci shi, dakaren g6 ya ci giwa. Da g6 ya koma f5, dakaren g5 na Fari ya wayi gari ba wani dakare a gabansa ko a gefensa da zai tare shi.

Mun dawo yanayin da na fara da shi.

Bari mu fara da takun ramuwa, hasumiya d7. Baƙi zai ci c3 da kashedi, sarki ya koma e2, hasumiyar Baƙi ta je a3. Fari ya ci d5, Baƙi ya ci a4, Fari ya ci f5 da kashedi, sarkin Baƙi ya fito g7. Dakaru uku da uku. Amma hasumiyar Fari ta bar sahu na bakwai, fursuna ya fita, sarkin Fari yana can baya, Baƙi kuma ya sami dakarun a da b ba mai tare su. Kowa ya ci ya ƙoshi, nasara ta sulale.

Capablanca wani lissafi ya yi. Ya dubi inda za a yanke hukunci, wato kusurwar da sarkin Baƙi ke tsare, ya ƙirga nasa a wurin: hasumiya da dakare. Su biyu ba za su iya kashe sarki ba, ba za su iya naɗa sarauniya ba. Ana bukatar na uku, kuma ba wanda ya rage sai sarki. A farkon wasa ɓoye shi ake yi, domin sarauniya da hasumiyoyi na yawo. Yanzu abin da ya rage wa Baƙi hasumiya ɗaya ce, ita kaɗai kuma ba ta kashe sarki a fili. Gidan da sarkin ke nema f6 ne. Ta e4 da g4 ba hanya, dakarun Baƙi na gadinsu. Hanya ɗaya ce ta rage, ta bakin allo: g3, h4, g5, f6.

Sarki g3. Hasumiya ta ci c3 da kashedi. Sarki h4, inda dama can yake nufi, wato kashedin bai ɓata masa ko taku ɗaya ba. Hasumiya ta zo f3 ta auna f4. Masu nazari sun daɗe suna muhawara ko tura a6 maimakon wannan taku zai fi taimakon Baƙi, don ya yi sauri ya sami dakaren da zai gudu a ɓangarensa. Tartakower dai dakare ya bi. Capablanca ya tura g6, ya share wa sarki gidan g5. Hasumiya ta ci f4 da kashedi. Sarki g5.

Ƙirga yanzu. Fari dakaru uku, Baƙi biyar. Akan ce sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma gaskiya ne, sai dai a kan allo yawan da ake ƙirgawa shi ne na waɗanda suka halarci wurin faɗa. Dakarun a7, b6, c7 da d5 ba su san abin da ake ciki ba. A kusurwa uku ne a kan ɗaya.

Hasumiyar Baƙi ta matsa e4. Nan ne taku na 39, wanda a wurina bai gaza na 35 kyau ba. Sarkin Fari yana g5, ga dakaren f5 a gefensa ba mai kare shi. Mutum ya yi asarar biyu, ga ɗaya a ɓagas. Na taɓa jera wa wani yaro wannan yanayi, kafin in rufe baki ya riga ya ɗauke dakaren ya ajiye a gefen tabarma. Na ce, "Mai da shi tukuna, ka duba wa yake wa aiki." Ya yi shiru yana kallo, can ya ɗago kai ya ce, "Yaya, ai laima ce." Haka ne. Capablanca ya wuce dakaren ya shiga f6, ya bar shi a bayansa. Makamin da ya rage wa Baƙi shi ne ya riƙa yi wa sarki kashedi ta baya a layin f, sai ga dakarensa na kansa ya tsaya a tsakani ya toshe layin. Da Fari ya ci f5, hasumiya za ta ci d4, in sarki ya shiga f6 ta zo f4 ta kore shi. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Da sarki a f6, barazanar ita ce hasumiya h8, sarkin Baƙi ya mutu nan take: e7, f7 da g7 duk a hannun sarkin Fari suke, sahu na takwas kuma na hasumiya ne. Baƙi ya gudu g8. Hasumiya ta zo g7 da kashedi ta tura shi kusurwa h8, sannan ta ci c7, tana shirin hawa c8 ta gama aiki. Tilas hasumiyar Baƙi ta koma e8 ta yi gadi. Sai a lokacin, a taku na 42, da ta zama mai tsaron gida, sarki ya waiwaya ya ci f5. Dakaren da ya ƙi ci taku uku da suka wuce bai je ko'ina ba.

Sauran girbi ne. Hasumiyar Baƙi ta fito e4, sarki ya koma f6, ta yi kashedi a f4, ya matsa e5, ta je g4. Dakare ya hau g7 da kashedi, amfanin tura sarki kusurwa ke nan tun farko. In hasumiya ta ci shi, za a yi musayar hasumiyoyi, sarkin Fari ya ci d5, ya raka dakarensa na d yayin da sarkin Baƙi ke nesa. Tartakower ya san haka, ya koma g8. Hasumiya ta ci a7, sarki ya ci d5. Wanda ya ba da dakaru biyu ya karɓi huɗu. Daga taku na 35 zuwa na 52, taku goma sha takwas ke nan, goma daga ciki sarki ne ya yi su. Sarkin Tartakower kuwa tun daga takun farko har aka tashi bai taɓa sauka daga sahu na takwas ba.

Kada mai koyo ya ɗauka cewa ba da dakaru shi ne gwaninta. In ka saki dakare alhali hasumiyarka ba ta sahu na bakwai, ba ka da dakaren da ya sami hanya, sarkinka kuma ba shi da gidan da zai nufa, asara kawai ka yi. Abubuwa ukun nan duk suna hannun Capablanca kafin ya saki c3, kuma kowanne yana da ranar da aka shuka shi. Hasumiya ta kai h7 ne saboda sarki ya tashi daga g1 a taku na 22. Layin h ya buɗe ne saboda an tilasta g6 a taku na 20. An tilasta g6 ne saboda giwar da aka fito da ita a taku na 7 tana d3, kuma ba giwar Baƙi da za ta ƙalubalance ta tun taku na 12.

Sarki ya hau d6, dakare ya bi shi d5, hasumiya ta dawo c7 ta tare kashedin layin c, sarki ya shiga c6 a ƙarƙashinta. Hasumiyar Baƙi ta ci a4, dakare na uku da ta ci. Capablanca ya tura d6. A kan allo Fari yana da sarki a c6, hasumiya a c7, dakaru a d6 da g7. Baƙi yana da sarki a g8, hasumiya a a4, dakare ɗaya a b6. Saura taku biyu dakaren d ya zama sarauniya, ba kuma yadda za a tare shi sai an ba da hasumiya. Tartakower ya miƙa wuya a taku na 52.

Wannan ce nasarar Capablanca ta farko a gasar. A wasanni 15 da ya yi daga wannan zagaye zuwa ƙarshe ya ci 10, ya yi kunnen doki a 5, bai sake shan kaye ba. Ya gama da maki 14 da rabi, a matsayi na biyu. Lasker, yana da shekara 55, shi ya lashe gasar da maki 16, Alexander Alekhine ya zo na uku da 12, Tartakower kuma ya tashi da 8.